Ranar da ƙura ta hana ni fita

Laraba, da daddare.

Yau ko ƙofar gida ban leƙa ba. Iska ta wuni tana kaɗa labule, duk abin da na shafa sai ƙura ta biyo yatsana. Na ce to, ga ranar da ta dace da littafin marubucin Amurka John Steinbeck, The Grapes of Wrath, wanda ya fito a 1939. Ya daɗe a kan kanta ina yi masa gobe-gobe.

Babin farko ya tsayar da ni cak. Babu sunan mutum ko ɗaya a ciki. Masara ce ke bushewa a gonakin Oklahoma, ƙasa ta koma gari, ƙura tana shiga ɗaki ta kowace kafa. Mata kuwa ba gonar suke kallo ba, fuskokin mazajensu suke leƙe, su ga ko sun karaya. Sau biyu na karanta wurin nan.

Da farko na ɗauka fari ne mugu a labarin. Ashe da sauran magana. Ciyawar da saiwoyinta suka riƙe ƙasar filayen tsakiyar Amurka, manoma ne suka bi ta da garma suka shuka alkama. Da ruwa ya ɗauke a shekarun 1930, iska ta tarar da ƙasa tsirara, ta kwashe abinta. Guguwar ranar 14 ga Afrilu, 1935 sai da ta mayar da rana dare. A littafin ma, ba iska ce ta fitar da iyalin Joad, waɗanda labarin yake a kansu, daga gonarsu zuwa Kalifoniya ba. Banki ne da tarakta. Bankin nan har dodo ake kiransa, dodon da mutane suka ƙera da hannunsu ya fi ƙarfinsu.

Nan kunya ta kama ni. Wata biyu ke nan ina fama da wani gajeren labari nawa a kan ambaliya, na mayar da kogi azzalumi mai ƙeta, mutanen kuwa bayin Allah da tsautsayi ya faɗa wa. Shafi tara, ban tambayi wanda ya sare bishiyoyin gaɓar ba, balle wanda ya yi gini a kan hanyar ruwa. Zagin kogi ya fi sauƙi, tun da ba ya ramawa.

Bayan magariba na soke shafi huɗu na farko. Na buɗe sabo da mutumin da ke wasa gatari, shekara goma kafin ruwan ya zo. Ban ba shi suna ba tukuna.