Tagar Bene da Takardar Aikin Wata

Sana'ata ɗab'i. Shagonmu yana cikin birnin Kano, tsakanin Goron Dutse da Dala. A ƙasa akwai injin bugu da injin yanka da tulin rim-rim na takarda, a bene kuma kwamfutoci da masu zane. Mu bakwai ne har da ni. Abin da muke ci da shi bai wuce na kowace ƙaramar maɗaba'a ba: katin biki, littafin rasit, takardun jarabawar makarantun Islamiyya da na boko, kalanda, ambulan mai tambari, sai fosta idan siyasa ta kankama. Kowane aiki da kakarsa. Rajab da Sha'aban na katin aure ne, don kowa yana so a ɗaura kafin azumi. Disamba ta kalanda ce, ƙarshen Zulhajji ma haka ga masu son ta Hijira. Gabanin zaɓen 2023 kuwa a shago muka riƙa kwana, fuskokin 'yan takara har cikin mafarki.

Kowane farkon wata ina ba kowa takardar abin da nake so ya cimma. Mai zane, aiki nawa ya gama kuma nawa aka dawo da shi saboda kuskure. Mai inji, takarda nawa ta lalace kafin launi ya zauna. Yarinyar da ke karɓar aiki, bashi nawa ta karɓo. Duk wanda ya taɓa sake buga katin aure dubu saboda an rubuta sunan ango ba daidai ba, ko ƙ ta koma k a sunan unguwa, ya san dalilin wannan takarda. A ƙarshenta ne na ƙara layi ɗaya mai suna "taga". Ranar da suka gani sai da babban mai zanenmu ya tambaye ni, "Oga, tagar ma yanzu aiki ce?" Na ce masa aiki ce, kuma za a duba.

Tagar benenmu gabas take kallo, Dala na nan tsaye a gabanta, da rufin gidajen tsohon gari da hasumiyoyin masallatai a ƙarƙashinsa. Amma labule mai kauri ne a kanta tun safe har dare, saboda hantsi yana dukan allon kwamfuta ya hana gani. To idan rana ta ɗaga, babu mai tunawa ya ɗage shi. Haka za a wuni ƙarƙashin kwan lantarki, tsakar rana kamar bayan isha'i.

Dalilina na farko ba na son kallon tsuntsaye ba ne, na kuɗi ne. Allon kwamfuta da haske yake haɗa launi, inji kuwa da tawada huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, ɗorawa da baƙi. Abin da ya yi kyau a allo ba lallai ya fito haka a takarda ba. Kwan lantarki kuma maƙaryaci ne. Mai jan haske yakan sa fari ya zama ruwan madara, shuɗi ya dushe. Manyan maɗaba'u suna da fitila ta musamman mai kwaikwayon hasken rana, a ƙarƙashinta suke duba gwajin bugu. Mu ba mu da ita, amma muna da ranar kanta kyauta. Saboda haka sharaɗin farko a layin taga shi ne: babu gwajin da za a sa wa hannu sai an kai shi bakin taga an duba. Kwastoma ma can nake kai shi. Akwai wata hajiya da ta kawo ƙyallen ankon bikin 'yarta tana so katin ya dace da shi. A kan tebur ta ce ya yi. Da muka ɗora katin kan ƙyallen a bakin taga, sai ga shi nata kore ne mai duhu irin na ganyen mangwaro, namu kuwa ya karkata ga shuɗi. Aka ƙara ɗorawa, aka rage shuɗi, tun ba a haɗa farantin bugu ba. Da an buga, asarar tawa ce.

Na biyu ya zo daga likitan ido. Wani cikin masu zanen ya riƙa kukan ciwon kai da yaji-yajin ido, har muka ɗauka gilashi yake bukata. Likita ya ce masa idon lafiya lau, gajiya ce, ya kuma ba shi ƙa'idar da masu aikin kwamfuta suka sani: duk minti 20, ka ɗaga kai ka kalli abin da ke nesa da kai kamar mita 6, na daƙiƙa 20. A ɗakinmu babu abin da ya kai nisan mita 6, bango ne ta ko'ina. Dala kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Sai muka juya teburan, allo ya ba taga gefe maimakon ya fuskance ta, hasken ya daina dukansa. Teburina ne a da yake daidai bakin tagar, kamar yadda aka saba, wuri mai kyau na oga ne. Ni kuwa rabin wunina ina kasuwa wajen sayen takarda ko ina bin bashi. Na koma kusa da ƙofa.

Daga baya ne na karanta labarin binciken da wani Ba'amurke, Roger Ulrich, ya wallafa a 1984. Ya duba bayanan marasa lafiyar da aka yi wa tiyatar maɗaciya a wani asibiti a jihar Fensilfaniya. Waɗanda tagar ɗakinsu ke kallon bishiyoyi sun riga waɗanda tasu ke kallon bangon bulo komawa gida, kuma ba su sha maganin kashe ciwo mai ƙarfi kamar su ba. Shagona ba asibiti ba ne, kuma ba zan ce taga ta warkar da kowa ba. Amma na ji daɗi da na ga ba ni kaɗai ne mahaukacin ba.

Inda abin ya zama abin dariya shi ne littafin taga. Wani tsohon littafin rasit ne da aka yi kuskuren lambobinsa, na rataye shi da zare a jikin ƙusa. Kowa da ranarsa, zai rubuta layi ɗaya na abin da ya gani a waje. Makon farko an rubuta "sama lafiya" kwana biyar a jere. Wani ya rubuta "an yi shanya a gidan maƙwabta". Ban ce komai ba. Da hunturu ya shigo sai rubutun ya fara canzawa da kansa, don akwai safiyar da hazo yake haɗiye Dala gaba ɗaya, ka rantse an ɗauke dutsen da dare. Yarinyar karɓar aiki ce ta fara rubuta ƙarfe nawa dutsen ya bayyana. Wani ya fara ƙirga shirwa masu shawagi a sama da rana. Gardama ta ɓarke wata rana kan ko abin da aka gani shaho ne ko shirwa, har aka kira mai inji daga ƙasa, shi da ya tashi a ƙauye, ya raba: shirwa wutsiyarta a tsage take. Shi ne kuma ya lura cewa duk tsawon littafin babu wanda ya rubuta ungulu ko sau ɗaya, alhali da yana yaro ba ka wuce mahauta ba ka ga sun yi layi a kan katanga ba.

Mai injin nan shi ya fi kowa gane amfanin littafin, ko da yake ba shi da taga. Takarda tana jin yanayi fiye da mutum. Da damina takan sha danshi ta lanƙwashe a gefe, inji ya riƙa cin ta. Da hunturu takan bushe ta manne da juna, inji ya ɗauki biyu a maimakon ɗaya, ga ƙura tana zama a kan rola tana barin ɗigo-ɗigo a bugu. Ranar da aka rubuta cewa an ga shamuwa, sai ya ce a ɗaga takardu daga ƙasa a ɗora kan katako, a daina buɗe rim sai za a yi amfani da shi, ruwa ya kusa. Da hunturu kuma an yarda labule a buɗe, gilashi a rufe.

Na ga rashin adalci a ce na sama suna da dutse, na ƙasa suna da ƙarar inji da warin tawada. Nasu layin sai ya zama darbejiya biyu da muka dasa a ƙofar shago da damina. Mun kewaye su da bulo saboda awakin unguwa, waɗanda ba su san wata takardar aiki ba. Ruwan alwala can yake tafiya, ruwan wanke rola kuwa haram, don akwai sinadari a ciki. Ɗaya ta mutu, ɗaya ta wuce tsayin mai inji, kuma shi ya ce tasa ce ta rayu.

Akwai abin da ban yarda da shi ba, kuma na ga wasu masu ofis suna yi. Ba a cire wa kowa ko kwabo don bai cika layin taga ba. Wanda ya fi ƙoƙari yana samun katin waya a ƙarshen wata, shi ke nan. Ranar da ka ce za ka yanke albashi don mutum bai kalli gajimare ba, ka mayar da gajimaren abokin gaba. Haka kuma ba na tayar da maganar taga a watan da albashi ya yi jinkiri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin janareta da na mota da na takarda suka tashi tare, akwai watannin da sai na yi ta kame-kame kafin in sallami kowa. Wanda ke lissafin kuɗin adaidaita da awon gida ba ya son jin wa'azin kyawun faɗuwar rana daga bakin wanda yake bi bashi. Tagar ma tana da nata haraji: da bazara zafi ta nan yake shigowa, tilas a saki labule daga hantsi har rana ta haye rufi.

Kalandar da muke raba wa kwastomomi kyauta a ƙarshen shekara, da can hoton intanet muke ɗaukowa, ko dusar ƙanƙara ko wani tafki da babu wanda ya san inda yake. Bara sai muka sa hotunan da yaran suka ɗauka da wayoyinsu daga tagar nan: Dala cikin hazo, Dala da hadari ya haɗo baƙi ƙirin a bayansa, Dala da ya yi ɗan kore a Agusta. Wani alhaji mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ya gani, ya hau benen da kansa yana haki, ya ce irinta yake so guda ɗari biyar da sunan shagonsa. Muka yi ciniki, ya ba da rabin kuɗi. Har ya kai matakala sai ya juyo ya ce da mai zane, "Amma ɗan nan, ka rage dutsen kaɗan, ka sa hotona a tsakiya, in fi shi girma." Mai zane ya kalle ni. Na ce masa ya yi yadda Alhaji ya ce, amma gwajin sai an kai shi bakin taga.