Alƙaluma uku daga adakar Malam

Alhamis, bayan isha'i.

Yau gari ya kwashe, kowa ya tafi kasuwar Maigatari, ni kuwa na hau babur na nufi wajen Gwaggo can bayan Gumel. Tun da azumi ta aiko in zo in duba tarkacen marigayi mijinta, Malam, wanda ya yi malamin dagaci tun zamanin En'e, don ta san yadda nake da tsofaffin alƙaluman tawada.

Bayan mun gaisa na sha fura, yara suka jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Ga rasitan haraji, ga tabarau, ga alƙaluma uku a ƙunshe cikin tsohuwar hula.

Biyu daga ciki kamar an tsaga kara: baƙaƙe, murfin ƙarfe, maƙalin aljihu mai siffar kibiya, baki a lulluɓe sai ɗan tsini ya leƙo. Gwaggo ta ce ai tagwaye ne. Na ce, "Gwaggo, riƙe su ki ji." Da ta auna a tafin hannu sai ta ce ɗaya ya fi cika hannu. Shi ne Parker 51, samfurin da ya fito a 1941, ga tambarin ƙirar Ingila a jikinsa. Da na kwance gindin sai na ga 'yar robar tawada cikin kwanson ƙarfe, irin wadda ake matsawa. Wannan ya nuna bai riga 1948 ba, domin na kafin nan famfo ne da su a wutsiya. Bakinsa zinare ne, robar kuma har yau da laushinta. Ɗayan Hero 616 ne na Shanghai, kwaikwayon wancan, murfinsa sakayau, bakinsa farin ƙarfe. Ban raina shi ba ko kaɗan. Da irinsa yayyenmu suka koyi rubutu kafin biro ya mamaye ko'ina, kuma yana zuba tawada ba gardama.

Na ukun ne ya zaunar da ni har la'asar. Launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa, sunan da ke jikinsa ya shafe, jikan Gwaggo ma cewa ya yi a yar. Na goga shi da babban yatsa har ya ɗau ɗumi, na kai hanci: warin ƙonanniyar taya. Wato ebonait ne, roba da aka dafa da farar wuta har ta sandare. Asalinsa baƙi ne wuluk, rana ce ta cinye launin. Da seluloyid ne, wani nau'in filastik da kamfanin alƙalami na Sheaffer ya fara yayinsa a 1924, da ƙamshin kafur zan ji. A gefensa akwai ɗan hannun ƙarfe da ake ɗagawa ya matse robar ciki, a bakin kuma an buga 14ct, alamar zinare. Robar ta bushe, in ka girgiza sai ka ji ɓarɓashinta. Ina ganin ya girmi sauran biyun, wataƙila Malam ma gadonsa ya yi.

Ina cikin dubawa sai ga yaron nan da ruwan zafi da omo, wai zai wanke min. Na tare shi da sauri. Ruwa da zafi ne ke ƙarasa ebonait, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Abin da ke ci min rai ke nan: irin waɗannan nawa ne 'yan gwangwan suka kwashe daga ƙauyukanmu a kan kuɗin alewa?

Gwaggo ta ce, "Ɗan nan, kwashe su duka." Na ce kayan gado ne, sai an ji ta bakin 'ya'yan Malam. Muka tsaya a kan in tafi da biyu in gyara in dawo da su, Hero kuwa na ɗauraye shi da ruwan randa, na nuna wa yaron yadda ake shayar da shi tawada.

Parker ɗin na jiƙa bakinsa a kofi, tsohuwar tawada shuɗiya na ta fita. Mai ruwan ƙasar sai na sa an nemo min sabuwar robar ciki daga Kano.