Ana tafa mana, amma wa ke jin mu?

Ƙarshen watan nan zan sauka daga kujerar sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikatan kashe gobara, kuma matasan da za su gaje mu sun matsa in bar musu wani abu a rubuce game da zuwa babban taron ƙungiyoyin ƙwadago. Ba zan tsaya kan rajistar wakilai da tsarin zama ba, duk kun san wannan.

Duk taron da kuka shiga za a karɓe ku hannu bibbiyu. Da an ambaci 'yan kwana-kwana zaure zai kaure da tafi, wasu har su miƙe tsaye, kuma na yarda daga zuci suke yi. Sai dai idan an zo ƙirga ƙuri'a, da yawan mambobin da ke biyan kuɗin ƙungiya ake auna kowa. Mu kuwa ko'ina 'yan kaɗan ne idan aka jera mu da malaman makaranta ko ma'aikatan lafiya.

A tsakiyar 2022, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta sanya aikin kashe gobara a rukuni na ɗaya, wato cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa ga ɗan Adam. Ta ambaci kansar mafitsara da ta tantanin da ke lulluɓe da huhu. A watan Yunin shekarar kuma, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta shigar da lafiya da kariya a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci. Mu da muka sha raka abokan aiki asibiti bayan sun yi ritaya, muka ga dama ta samu. Muka zauna muka rubuta ƙuduri: a wanke kayan aiki bayan kowace gobara, kowa ya samu kaya na biyu da zai sa kafin na farko su bushe, a samar da wurin wanka a kowace tasha, a riƙa duba lafiyarmu a kai a kai, kuma a ɗauki irin wannan ciwo a matsayin ciwon aiki domin iyali su samu diyya.

Daren jajibirin taro, shugaban kwamitin tsara ƙudurori ya aiko a kira mu. Ya riga ya narkar da ƙudurinmu cikin wani dogon ƙuduri na jin daɗin ma'aikata, buƙatunmu duka suka koma rabin layi. Na ce masa, Kwamared, mu ba alawus muka zo nema ba, magana ce ta toka da hayaƙin da ke shiga fatar mutum yana komawa da su cikin iyalinsa. Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce ƙungiyar da doka ta ɗaure wa hannu a kan yajin aiki ba ta da abin da za ta kawo teburin ciniki, mu gode ma da sunanmu ya fito. Ya bai wa ƙungiyarsa damar gabatar da ƙudurin, mu kuma aka ce za mu yi magana a ƙarshe idan lokaci ya rage. Lokacin bai rage ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau, shi ne mutumin da ya buɗe zaman wannan safiyar da neman a yi shiru na minti ɗaya domin ma'aikatanmu da suka rasu a bakin aiki. Na tsaya cikin shirun nan ina tuna fuskokinsu, takardar da za ta iya kare waɗanda suka rage tana naɗe a aljihuna.

Maganarsa rabin gaskiya ce, shi ya sa take da ciwo. ILO ta amince cewa ana iya taƙaita yajin aiki a muhimman ayyuka irin namu. Amma ita ɗin ce kuma ta ce wanda aka hana yaji dole a ba shi madadi, wato sasanci da hukuncin masu shiga tsakani marasa son kai, cikin hanzari. Yarjejeniyar ILO ta 87 ta shekarar 1948 sojoji da 'yan sanda kaɗai ta bar wa kowace ƙasa ta yanke musu iyaka a kan kafa ƙungiya. Ba mu ciki. Kan haka ne ILO ta shafe shekaru tana jan hankalin Japan, inda aka hana ma'aikatan kashe gobara kafa ƙungiyar ƙwadago. Ya kamata a ce wanda aka ɗaure wa hannu shi babban taro zai fi tsaya wa.

Da muka dawo, wasu mambobinmu suka ce mu fice, mu daina zuba kuɗinmu inda ba a jin mu. Na ƙi, kuma na sha zagi a kan haka. Na tuna musu abin da ya faru a Birtaniya. A Nuwamban 1977 FBU, ƙungiyar ma'aikatan kashe gobara ta ƙasar, ta shiga yajin aiki na ƙasa baki ɗaya tana neman ƙarin kashi 30 cikin 100, gwamnatin James Callaghan ta kafe a kan kashi 10, aka fito da sojoji su tuƙa motocin kashe gobara. Shugabannin TUC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasar, suka ƙi jagorantar yaƙi da wannan iyaka ta albashi. Mako tara aka yi ana ja. Duk da wannan watsi FBU ba ta bar TUC ba, ta kuma fito da tsarin albashin da ya riƙe ta shekaru masu yawa. FBU ɗin ce daga baya ta ɗauki nauyin binciken Farfesa Anna Stec a Jami'ar Central Lancashire kan gubar da ke maƙalewa a kayan aiki.

Sai muka canza hanya. Watanni kafin taro na gaba muka bi ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Masu kwashe shara sun san hayaƙin roba fiye da yadda muke zato. Ma'aikatan jinya su ke ganin ƙarshen masu ciwon. Ma'aikatan lantarki kuwa tare muke haɗuwa da su a bakin wuta. Muka faɗaɗa ƙudurin ya shafi duk mai shaƙar guba a wurin aiki, ba tare da mun cire ko ɗaya daga buƙatunmu ba. Da ya iso gaban kwamiti ɗauke da sa hannun ƙungiyoyi da dama, babu yadda shugaban zai taɓa shi sai da yardarsu. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta mara mana baya a dandamali, ƙudurin ya wuce ba hamayya. Da yamma na ji shugaban yana faɗa wa 'yan jarida cewa kwamitinsa ne ya daɗe yana wannan fafutika. Ban tanka ba. Waɗanda suka yi zirga-zirgar sun san kansu, ni ma na san su.

Sauran abubuwan gajeru ne. Ku haddace dokokin taro kafin ku tafi, musamman sashen haɗe ƙudurori. Kada ku sa hannu a kan ƙudurin haɗaka da dare kuna gajiye. Ku tafi da mace cikin wakilai, domin kayan kariya da yawa ba a ɗinka su da jikinta ba, kuma ita ce za ta fi iya faɗin haka. Ku goyi bayan ƙudurin wasu tun kafin ku buƙace su.

Ƙudurin yana nan a littafin taro, amma yawancin tasoshinmu har yanzu ba su da injin wanke kaya, kuma maganar diyya ba ta shiga yarjejeniya da hukuma ba. Na bar wa sabon sakatare fayil ɗin da sunayen ƙungiyoyin da suka sa hannu. Mutumin nan shi ke riƙe da kwamitin har yanzu, saboda haka ku miƙa ƙudurin bibiya kafin wa'adi ya cika, ku kuma karɓi takardar shaidar an amsa.