Ruwa a cikin baƙin mai bayan an ɗaure inji

Garejina yana nan Yelwa cikin Garwa ta Kamaru, ƙarami ne, ni da yara 4, aikinmu mafi yawa sauke inji da ɗaurewa, Hiace da Hilux da tsofaffin Peugeot 504 na masu ɗaukar kaya. A wannan sana'a tamu ba abin da yake sa gabana faɗuwa kamar in ɗaure wa mutum inji, ya biya kuɗinsa, bayan kwana kaɗan ya dawo in zaro sandar awon mai in ga man ya koma kamar kofi da madara.

Haka ta faru da ni da wata Hiace mai injin 5L da take jigila tsakanin Garwa da Marwa. Mun sa mata sabbin ringi, mun sa kusine, wato ƙarafan da sandar inji take juyawa a kansu, wanda mutanen Najeriya suke ce wa metal, mun kai kilas, wato kan inji da yake rufe saman silinda, wajen masu gogewa, sabon juwan kilas, wato shimfiɗar da take toshe tsakaninsa da jikin inji, komai dai. Kwana 4 sai ga direban da mai motar da sassafe, Alhajin yace min maigida kaga aikinka, tun daga Figil yaron nan yake ƙara ruwa a lagireto kuma ba ya ganin inda yake zuba. Nace Alhaji kayi haƙuri ka zauna, kada a sake tada ita. Wannan shi ne abu na farko da nake roƙon kowa, in ka ga alama kashe motar, domin ruwa in ya gauraya da mai man ba ya iya riƙe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, kusine ne yake fara ci, sabon da aka sa jiya jiya sai ya tafi, daga nan sai ƙarar buga inji.

Toh amma ba kowane fari ba ne ruwan lagireto, nan ne da yawa daga cikinmu suke gaggawa. Akwai wani farin abu mai kauri kamar mayonez da yake taruwa a ƙarƙashin murfin zuba mai, lokacin hunturu musamman, ko motocin Gaundare da suke wurin sanyi, mota ce da ake ɗan zagayawa da ita cikin gari ba ta yin zafi sosai, tururi yana taruwa a sama ya huce ya zama haka. In a murfi kawai yake, sanda kuma ta nuna mai mai kyau, ruwan lagireto bai ragu ba, ni ba na kwance ko noti ɗaya, sai nace a goge a yi tafiya mai nisa a sake dubawa. Na sha ganin an sauke kilas lafiyayye saboda wannan, an sa talaka asara a banza, abin yana min ciwo wallahi.

Ta Alhaji kam ba haka ba ce. Man ya haura alamar sama a sanda, alhali ni da hannuna na zuba shi daidai, kuma mai ba ya ƙaruwa da kansa, ko gas ne, wato dizal, yake shiga ko ruwa, na shinshina babu warin gas. Muka bar ta ta kwana. Da safe na sa yaro ya sassauta notin juye mai a hankali, ba cirewa ba, sassautawa kawai, sai ga ruwa ya fara ɗiga tukuna kafin mai ya biyo, saboda ruwa ya fi mai nauyi yana kwanciya a ƙasa. Na tari kaɗan a kwalba, na ɗiga wani a kan faranti na ƙarfe da muka ɗora a wuta, sai ya kama tsartsatsi yana ƙara kamar an jefa ɗanyen kifi a man suya. Mai zalla ba ya yin haka, hayaƙi kawai zai yi shiru. Wannan gwajin maigidana ne ya koya min tun ina yaron gareji kuma har yau bai taɓa yaudarata ba.

Yanzu saura ta ina yake shiga. Kowa a wurin yace juwan kilas, har direbobin da suka tsaya kallo, ni ma zuciyata can ta fara zuwa, don in ba a ɗaure notocin kilas bi da bi daga tsakiya zuwa waje da sifana mai awo ba, ko kilas ɗin ya karkace ko da kaurin takarda ne, juwan zai saki. Kuma waɗannan injinan na L in sun taɓa yin zafi sosai kilas ɗinsu yana tsagewa, a zafin Garwa na watan 3 da na 4 da yake wuce digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Amma akwai abin da bai zauna min ba. Salansa ba ta fitar da farin hayaƙi, da na tada ta na minti ɗaya da murfin lagireto a buɗe babu kumfa tana tasowa, tiyon sama bai kumbura ya yi tauri ba, injin ma yana tafiya sumul ba ya ɗingishi. Sai kuma na ga ɗan mai yana yawo a saman ruwan lagireto.

Muka cire kaskon mai na ƙasa, muka cika lagireto muka sa masa famfon iska zuwa wajen bar 1, daidai da abin da murfinsa yake riƙewa, na shiga ƙarƙashi da tocila na kwanta ina jira. Ruwan bai biyo jikin silinda ba, ta gefen da abin sanyaya mai yake ya fito. Abin nan yana zaune ne cikin ruwa a jikin bulok, mai yana bi ta cikinsa, tsatsa ta huda shi ƙaramin rami. In inji yana aiki ƙarfin mai ya fi na ruwa sai mai ya shiga lagireto, in aka kashe ƙarfin mai ya faɗi nan take amma ruwa yana nan da zafinsa da ƙarfinsa, sai ya tura cikin mai. Shi ya sa aka ga alamar ta fuska biyu.

Laifin a kaina yake, don lokacin da injin yake ƙasa na wanke abin ne kawai na mayar ban gwada shi ba. Na gaya wa Alhaji haka ƙiri ƙiri, ban karɓi kuɗin aiki ba, shi ya sayi kayan. Amma na roƙe shi ya daina zuba ruwan rijiya da na kogi a lagireto, shi yake cinye ƙarfe daga ciki, ya sayi ruwan lagireto na galan ko da sau ɗaya ne a shekara. A 504 kuma wurin da nake fara zargi daban ne, silindarta irin mai zarewa ce da ruwa yake kewaye da ita, in abin da yake toshe gindinta bai zauna ba ruwa kai tsaye yake sauka kasko.

Mun duba kusine, Allah ya taimaka bai ci ba sai ɗan dishi. Muka zuba mai mai araha da sabuwar filta, ta yi zafi muka juye, muka sake, sau 2, na uku muka zuba mai kyau. Nace wa direban ɗana kowace safiya kafin ka tada ka zaro sanda ka ɗauko min hoto ta WhatsApp har sati ya cika, kuma ya yi. Tun daga ranar duk injin da muka ɗaure sai ya kwana da famfon iska a lagireto kafin mu rufe kasko, in allura ta sauka da safe ba ya fita daga garejin.