Kunyar ɗan fari a gidan Larabawa

Duk wanda ya zauna a Makka ya san Balarabe ba ya jin ya girmama ka sai ya kira ka da sunan babban ɗanka, Abu wane ko Ummu wane. Mu kuwa a Katsina uwa ba ta kama sunan ɗan fari ko da wasa. Ni ne ɗan farin Inna. Tun da na yi wayo "kai" take ce mini, in ba na wurin ta ce "wancan yaron", kuma ban taɓa jin ciwon haka ba.

Da azumin bara na kawo ta Umra, ta sauka wurinmu a unguwar Shara Mansur da ke Makka. Maƙwabciyarmu Balarabiya ce mai kirki, kullum sai ta aiko mana da abin buɗa baki. Ta gayyaci Inna shan gahawa bayan tarawihi, matata ta raka ta don tafinta. An zuba gahawa a ɗan finjali, an miƙo dabino, sai matar ta ce, "Ya Hajja, wa ye sunan babban ɗanki, in riƙa kiran ki da shi?" Inna ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafi. Aka sake tambaya, shiru. Matata kuma suruka ce, ina za ta iya furta sunana a gaban Inna?

Ashe dama matar ta ga ina gaida Inna a durƙushe daga nesa, alhali 'ya'yanta kan rungume ta su sumbaci kanta. Sai ta yanke hukunci cewa na saɓa wa mahaifiyata har ba ta son jin sunana. Bayan sallar asuba mijinta ya tare ni a ƙofar masallaci, ya riƙe hannuna, ya yi mini nasiha kan haƙƙin iyaye, mutane na wucewa suna kallo. Ni da na yi ta tara kuɗi don in kawo ta ta ga Ka'aba! Har yau in na tuna tsayuwar nan sai raina ya sosu.

Wata tsohuwa Batakara ce ta fitar da ni, wadda kakanninta suka zo da ƙafa ta Sudan, suka tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda. Ta je da kanta ta bayyana musu da Larabcinta na 'yan Makka cewa a wurinmu uwa tana ɓoye son ɗan fari ne saboda girmansa a zuciyarta.

In za ka kawo iyayenka, ka riga maƙwabta da bayani tun kafin a zauna shan gahawa, ka ba su sunan da za su kira mahaifiyarka da shi. Amma kada ka matsa wa tsohuwa ta sauya, kamar yadda wasu 'yan'uwanmu suka ba ni shawara wai kunya ƙauyanci ce. Wannan maganar ta fi nasihar ƙofar masallaci ɓata mini rai.