Rufin da inshorata ba ta biya ba

Shekara uku na yi ina sayar da abinci a wani gida da nake haya a unguwar Zariya, nan Maradi, kuma tun daga shekarar farko nake biyan inshorar gobara ba tare da jinkiri ba, domin wakilin kamfanin ya faɗa mini cewa tun 2011 dokar CIMA, wato dokar inshora da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ke bi, ba ta yarda a lamunce wa wanda bai biya kuɗinsa ba. Wannan ne ya sa na saki jiki.

Wata asuba cikin hunturu tiyon tukunyar gas ya tsage, wuta ta kama ɗakin girki, kuma kafin 'yan kwana-kwana su shawo kanta ta cinye firiji biyu da kujeru da silin da rabin rufin kwano. Mun gode wa Allah babu wanda ya ji rauni. Na kai rahoto kafin cikar kwana biyar ɗin da doka ta ba ni, mai ƙiyasta asara ya zo ya auna, ya ce kayana sun kai sefa miliyan 6 alhali miliyan 4 na rubuta a takardar inshorar, saboda haka kashi biyu cikin uku na asarar za a biya. Wannan ya yi mini ciwo, amma laifina ne, tun da na ƙaro firiji da injin wuta ban je an gyara takardar ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ranar da mai gidan ya zo, ya gama jajanta mini, sannan ya ce, "Hajiya, to rufin fa, yaushe za a fara aikinsa?" Na amsa masa da cewa, "Alhaji, ai ginin naka ne." Ashe a doka ɗan haya ne ke ɗauke da alhakin gobarar da ta tashi a wurin da yake, sai fa idan ya tabbatar da cewa daga maƙwabta ta tsallako, ko daga aibin ginin kansa, ko daga wani abin da ya fi ƙarfin mutum. Tawa kuwa daga murhuna ta tashi, kowa ya gani. Lamunin da ke ɗaukar wannan nauyi, wanda takardar ta kira risques locatifs, yana nan a shafi na biyu, kuma ni da kaina na ce kar a sa mini shi, don ina ganin gini ba nawa ba ne balle in biya masa kuɗi. Ko da Alhaji yana da tasa inshorar, kamfaninsa zai biya shi ne sannan ya juyo kaina.

Kuɗin da aka ba ni na kaya, kusan duka a kwano da katako da ladan kafinta suka ƙare, kuma wata biyu ina biyan haya ƙofa a rufe. Da na sake buɗewa, sai da na zaunar da wakilin ya karanta mini takardar layi-layi yana fassarawa da Hausa, na sa aka rubuta darajar ginin kamar yadda Alhaji ya faɗa da bakinsa. Ƙarin da na biya a shekara bai kai kuɗin bandir ɗaya na kwanon da na saya ba.