Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Sharaɗin Baba

A makon jiya na tsaya a daren da na fice daga gidan mijina da goyo a baya, hannuna na hagu a kumbure, na kwana gidan yayata a Tudun Wadar Kaduna.

Gari na wayewa ta ja ni asibiti. Likitar da ta duba ni ta rubuta duk abin da ta gani, ta ce in adana takardar kamar yadda nake ɓoye kuɗin adashi, don ko a gaban alƙali ita ce shaidata. Daga nan aka haɗa ni da wata lauya ta FIDA, ƙungiyar mata lauyoyi. A bakinta na fara jin dokar VAPP, ta hana cin zarafin mutane, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2015, Jihar Kaduna ta karɓe ta a 2018. Ta ce kotu na iya ba da umarnin hana mijina kusantata. Shekara tara ina shan duka, ban san da wannan ba. Abin da na sani shi ne "ki yi haƙuri, aure ibada ne."

Kwana biyar sai ga 'yan biko, kawunsa da abokinsa, har da goro. Na ɗauka za a yi irin na kullum, a ba ni baki in ɗauki mayafi in bi su. Baba ya ce a'a.

"Sau huɗu ina mayar da ita, kullum ita ake wa nasiha. Shi wa ya taɓa zaunar da shi?"

Lauyar ce ta faɗa wa Baba akwai wani zama da ake yi wa maza masu dukan matansu, duk Asabar bayan la'asar, malami ɗaya da mai ba da shawara ɗaya. Baba ya ce sai ya yi wata uku yana zuwa kafin a sake maganar komawata. Ni dai ban sa rai ba, mutumin da ya sha rantsuwa da Alƙur'ani ya karya.

Abokinsa ne ya ba yayata labarin zaman farko. Wai mijin nawa ya ce bakina ke jawo mini, shi kuma zuciya gare shi. Malamin ya tambaye shi, "Maigidanka a kasuwa bai taɓa ɓata maka rai ba?" Ya ce kullum ma. "To, ka taɓa marinsa?" Wai har aka tashi bai sake magana ba.

Asabar ta huɗu bai je ba. Da magariba yaro ya shigo ya ce ana sallama da ni a ƙofar gida.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.